Filin Idin Kano: shaguna ko sarari?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, shi ya sa makomar wuri kamar Filin Idi na Ƙofar Mata ke sauyawa duk sa'ad da kujera ta sauya mai ita.

Masu son a yanka shaguna suna da hujja. Filin yana gab da Kantin Kwari, inda ɗan ƙaramin shago ke tsada sosai. Sallar Idi sau biyu ce a shekara, sauran kwanaki kuwa sai ƙura da bola. Shago na kawo haraji, ya ba yaran kanti da masu dako abin yi. A zamanin Ganduje aka bi wannan hanya.

Barin fili a buɗe ba ya kawo kuɗin da za a ƙirga, amma ranar Sallah sahu kan cika har ya tumbatsa kan titi. Cikin ganuwa kuma gida manne yake da gida, an cike kududdufai da dama, ruwan sama ya rasa mashiga. Fili idan aka zuba masa siminti, da wuya ya dawo.

Ni ina tare da barin sarari, sai dai a zagaye shi, a dasa darbejiya, a riƙa share shi. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe shagunan a Yunin 2023, kotun tarayya kuma ta umarce ta ta biya 'yan kasuwar diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3.