Wata uku ina zuwa kur ɗin Ingilishi na dare, ga abin da na gani

Assalamu alaikum jama'a. Mutane da yawa sun tare ni a Kasuwar Dole suna tambayata wai kur ɗin nan na Ingilishi da nake zuwa a Sabon Gari ko yana da amfani ko ɓarnar kuɗi ne kawai, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan faɗi sunan wurin ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi.

Ni kayan salula nake saidawa, caja da batir da gilashi, kuma yanzu odar kaya ta WhatsApp ake yi da mutanen Legas da 'yan Cana, in Kano ne babu matsala Hausa ta isa, amma waɗannan Faransancinmu bai yi musu komai. Ingilishin da na yi tun sizyam kuwa ya gudu tun da na bar lakwal. Ana biyan jika biyar a wata, Litinin da Laraba da Juma'a bayan sallar isha'i, awa ɗaya da rabi.

Abin da ya riƙe ni a wurin malamin ne wallahi. Ranar farko bai ce mu buɗe kaye ba, ya rubuta 1066 a tablo ya ce duk ɗan Damagaram da ya yi lakwal ya riga ya ci rabin hanya saboda wannan shekarar. Ya ce asalin Ingilishi yaren wasu ƙabilu ne da suka ƙetara teku daga arewacin Jamus da Danmak wajen ƙarni na 5, ɗaya daga cikinsu ana ce musu Angil, daga sunansu aka samo Ingila. To a 1066 sai Wiliyam, mai mulkin Normandi ta arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a Hestins, daga nan kusan shekara 300 fada da kotu da manyan gari Faransanci suke yi talakawa na Ingilishinsu. Shi ya sa saniya tana garke sunanta cow amma in namanta ya iso gaban masu sarauta ya zama beef, wato boeuf ɗinmu, tunkiya sheep namanta mutton, mouton ke nan. Mai kiwo da yarensa mai ci da nasa. Ya ce mu dubi kanmu ma, mu nan muna cewa lakwal da kaye da mushe, mutanen Kano na cewa bokiti da tebur da asibiti, kowa da wanda ya zauna masa a ka. Tun daga ranar na daina jin tsoron yaren nan, don government, justice, market, price duk na gane 'yan gida ne.

Amma fa nan tarkon yake kuma malam ya daɗe a kansa, ni ma a nan na fi ƙaruwa. Kalma ta yi kama da wadda ka sani sai ka ɗauka ita ce alhali ta canza ma'ana. Na yi wata da watanni ina rubuta wa wani mai kawo mani kaya I demand the price, a zatona demander ne, tambaya cikin ladabi, ashe a Ingilishi demand kamar ka buga tebur ne ka ce dole a ba ka. Raina ya ɓaci da na gane, don mutumin nan yana mutunta ni kuma ban san sau nawa na yi masa tsawa ba da sani ba. Haka actually ba actuellement ba ce, ma'anarta a gaskiya. Library wurin aron littafi ne ba kantin saida shi ba kamar librairie ɗinmu. Assist taimako ne, ba halartar taro ba kamar assister ɗinmu, in taro ka halarta attend za ka ce. Shekarunka kuma ba ka da su kamar a Faransanci, I am thirty ake cewa ba I have ba, wannan kusan duk ajin mun faɗa ciki.

Rubutun ma ya yi mana bayanin dalilin da ya sa ba ya tafiya da furuci. Ya ce da can ana furta k ɗin knife da knee, gh ɗin night kuma daga maƙogwaro take fita kamar kha ta Larabci. A 1476 wani Kakston ya kafa injin buga littafi na farko a Ingila, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya a daidai lokacin da bakin mutane ke ta sauya wasula, time da ake cewa tiim ta koma taim, sai rubutu ya zauna a baya magana ta yi gaba. Wadda ta fi tsaya mani ita ce debt, bashi, daga dette ta Faransanci take babu b, masana ne suka cusa b ɗin don ta yi kama da debitum ta Latin, kuma har yau ba mai furta ta. Though, through, tough, cough kuwa ya ce haddace su za a yi kawai, kuma na ji daɗin da bai ɓoye mana hakan ba.

Yanzu ƙorafi. Mun kai mutum arba'in a ɗakin da bai kamata ya wuce ashirin da biyar ba, ga zafi, in karan ya ɗauke babu grup babu panno sai fitilar salula, sau biyu aka sallame mu kuma ba a rama mana darasin ba. Kuɗin fotokopi daban ake karɓa kuma ba a faɗa mana ranar rajista ba, ba yawansu ne ya dame ni ba, a faɗa wa mutum tun farko. Babbar matsalar ita ce magana ta yi kaɗan, malam ya iya bayani har ba ka so ya tsaya amma sai a tashi bakinka bai buɗe ba, mu kuwa Hausawa p da f suna ba mu wahala, pull da full, kuma fifteen da fifty in ka kuskure su a waya kuɗinka ne ke tafiya, katon 15 da katon 50 ba wasa ba ne. Na same shi na ce Malam don Allah a ware mana ko minti ashirin na hira zalla, ya ce in sha Allahu, ya fara ranar Juma'a kawai, bai isa ba tukuna.

Wanda ya taɓa zama a aji ko da brebe bai samu ba, ina ba shi shawara ya je, kuɗinsa ba za su faɗi banza ba. Wanda bai yi Faransanci ba sam zai sha wuya don rabin bayanin a kansa aka gina, gara ya nemi ajin 'yan farko. Ni dai na biya na wata na huɗu jiya, in za ka zo ka zo da wuri don bencin gaba, ka taho da fitilarka.