Co-codamol bayan aikin ƙaba: ya kashe zafi, ya ɗaure mini ciki

Duk wanda aka yi wa aikin ƙaba ya san tari ɗaya ma tashin hankali ne. Da za a sallame ni, co-codamol 30/500 likita ya rubuta, wato kodin miligiram 30 da farasitamol miligiram 500 a ƙwaya ɗaya. Ta fuskar raɗaɗi kam, sai godiya. Kafin awa ta cika sai in ji wajen ɗinkin ya lafa, har in miƙe in yi alwala ba mai riƙe ni. Farasitamol na nasa aikin, shi kuwa kodin hanta ce ke juya wani kasonsa ya zama mofin, wanda ke dusashe saƙon zafi a laka da ƙwaƙwalwa. Lokacin duk wanda ya zo dubiya sai na yaba masa maganin.

Ashe har hanji yake sa wa kasala, kuma ba wanda ya faɗa mini. Mai kantin magani ya zuba ƙwayoyi a leda, ya ja layi biyu da biro, shi ke nan. Ciki ya cushe, ya yi tauri kamar ganga, bayan gida ya ƙi fita. Ga mutum da sabon ɗinki a mara, an ce kada ya yi yunƙuri! Cikin dare ina tsugune, na danne wajen da filo, zufa na karyo mini, ba abin da nake tsoro irin zaren ya tsinke. Maiɗakina ta yi ta ɗura mini ruwan ɗumi da gwanda, a banza. Sai da muka koma asibiti aka ba ni lactulose, maganin sassauta ciki, sannan Allah ya kawo sauƙi.

A can ne ma nas ta ce kada in kuskura in ƙara wani farasitamol a kai, don ƙwaya 8 a yini ta riga ta kai giram 4, wuce nan kuwa hanta ce za ta ji jiki. Wannan ma a kanti ya kamata in ji shi, haba!

Ga jiri, ga gyangyaɗi, ana yi mini sannu ina lumshe ido. Da zafin ya ragu na roƙi a mayar da ni farasitamol zalla, don kodin da saurin kama jiki yake. In an sake rubuta mini shi, ba zan bar gaban likita ba sai ya haɗa mini da maganin sassauta ciki.