Likitocin dawaki a tseren kilomita 120: taurari huɗu na ba su, ɗayan kuma sifonsa ne ya cinye

Jama'a duk wanda yake shirin kai dokinsa tseren dogon zango, ko zai je riƙe wa wani bokiti kamar yadda na yi, to kafin ya tambayi nawa ne kyautar na ɗaya ya fara tambayar su wa za su tsaya a ƙofar likita. Na raka wani aminina ne da goɗiyarsa, Balarabiya ce kamar yawancin dawakin wannan harka, tseren kilomita 120 a ƙarƙashin dokokin FEI, hukumar wasannin dawaki ta duniya. Ba zan kama sunan wurin ko sifonsa, wato kamfanin da ya ɗauki nauyi, ba saboda akwai ƙorafi a ciki.

Ga wanda bai taɓa gani ba, tafiyar zagaye-zagaye ake yinta, kowane zagaye ka dawo sansani agogo bai tsaya maka ba sai ka gabatar da dokin gaban likita, kuma bugun zuciyarsa dole ya sauko 64 a minti ɗaya ko ƙasa da haka, cikin minti 15. A ƙarshen tsere ne ake ba ka minti 20. Shi ya sa za ka ga ana ta sheƙa wa doki ruwa a wuya da ƙirji da cikin cinya, wani ya zare sirdi wani yana kallon agogo, kowa ya rikice. In ka tsallake sai hutun dole, doki ya ci ya sha kafin a sake fita. Ko ka riga kowa isowa ƙarshe, in dokin ya faɗi gwajin likita to ka tashi a tutar babu.

To likitocin layin gwaji dai wallahi ba ni da abin cewa sai yabo. Matar da ta fi duba goɗiyarmu ba ta da yawan magana amma hannunta ya san aiki. Ta saurari zuciya, ta ɗaga leɓe ta danna dasashi ta ga saurin dawowar jini, ta ja fatar kafaɗa ta saki, ta kasa kunne a ciki dama da hagu sama da ƙasa tana jin ko hanji na motsi, ta shafa baya da wurin da majanyi ke kama ciki ko akwai ƙuje. Sannan a ce ka ja dokin da sassarfa mita 40 ka dawo mita 40, bayan minti ɗaya da ƙirgen farko ta sake ƙirga zuciyar, in ta biyun ta haura ta farko sosai alama ce dokin ya gaji fiye da yadda yake nunawa. Wannan gwajin wani likitan Amurka ne Kerry Ridgway ya yi fice da shi har ake kiransa da sunansa. Duk wannan fa cikin 'yan mintoci, kuma a zagaye na uku ba tare da mun tambaya ba ta ce wa abokina cikin nan ya yi shiru kaɗan, ku ba ta jiƙaƙƙen abinci ku dawo min da ita kafin ku fita. Ya ce to Dakta. Muka dawo, ta saurara ta ɗaga mana babban yatsa.

Abin da ya sa na yarda da su gaba ɗaya shi ne yadda suka yi da dokin da yake sanye da bargon kamfanin da ya biya kuɗin taron. Yana gaba, kowa ya sa ido, aka ja shi sai ga ɗan ɗingishi a ƙafar gaba, irin wanda ni kam da ban ga kan yana ɗan ɗagawa ba da ban lura ba. Aka kira likitoci uku kamar yadda doka ta ce, aka sake jan shi, kowa ya rubuta nasa a ɓoye ya miƙa. Waje. Mutanensa suka yi ta kumfar baki, babu wanda ya kula su. Ni a wurina nan ne ake gane likita, domin cire dokin wanda ba a sani ba ai ba wani abu ba ne.

Sai tantin jinya, wanda daban yake da layin gwaji, masu hukunci daban masu magani daban. Na leƙa saboda dokin maƙwabcinmu na barga ya shiga. Doki in yana wannan aiki cikin zafi yana iya zubar da lita 10 zuwa 15 na zufa a awa ɗaya, kuma zufar doki gishiri ne da ita sosai, shi ya sa wani sai ya bushe a tsaye amma ka kawo masa ruwa ya kau da kai. Daga nan ne matsaloli ke fitowa, hanji ya tsaya ciwon ciki ya biyo, ko tsoka ta ƙage fitsari ya yi duhu, ko ka ga kwiɓinsa yana zillo kamar mai shaƙuwa daidai da bugun zuciya, wannan kuma ƙarancin su kalsiyam ne a jini. Na maƙwabcin namu bushewa ce, nan da nan suka ɗebi jini suka auna a injin da ke nan cikin tantin, aka rataya masa manyan ledojin ƙarin ruwa, kafin dare ya fara jan ciyawa. Kuma likitan ya zauna ya yi wa mai dokin bayani dalla-dalla ba tare da ya ci masa fuska ba, duk da a gaskiya gudun da ya yi a zagayen farko ya yi yawa.

Yanzu maganar sifonsa. In za a faɗi gaskiya injin jinin nan, da ƙanƙarar da ba ta yanke ba har yamma, da tankokin ruwa a hanya, da motar ɗaukar doki mai jiran ko-ta-kwana, duk kuɗinsu ne, kuɗin rajistar mahaya kaɗai da wuya ya ɗauki wannan. Don haka ban ce a kore su ba. Amma haba, sai da suka kafa rumfar talla a bakin wurin sanyaya dawaki, inda kowane daƙiƙa ake lissafi, yaransu suna bin mutane da sirinjin gishirin nan na ɗura a baki wai kyauta ne a gwada. Ranar tsere ake gwada sabon abu? Kuma duk wanda ya san harkar ya san ba a ɗura wa dokin da ya ƙi shan ruwa gishiri mai ƙarfi, ƙara masa wahala za ka yi, ga shi yana cin baki. Yaran ba laifinsu ba ne, talla aka turo su, amma wani sabon mahayi zai ɗauka daga likitoci abin ya fito tunda tambari ɗaya ne a rigarsu da tantin jinya. Wannan tambarin a rigar likita ma ni bai kwanta min ba ko kaɗan.

Na biyu, kyauta. Duk ta tafi ga wanda ya fi gudu. Kyautar dokin da ya fi kowa ƙarasawa da lafiya wani ɗan bargo ne aka miƙa bayan rabin mutane sun loda sun tafi. A gasar Tevis ta Kalifoniya, wadda ake yi tun 1955, mil 100 cikin awa 24 daga wajen tafkin Tahoe zuwa Auburn, wanda ya ƙarasa kan bel na azurfa yake samu, kuma wajen rabin masu fita ne kawai ke kaiwa, amma kofin Haggin da ake ba dokin da ya fi ƙoshin lafiya cikin goman farko, washegari da safe ake tantance shi gaban jama'a, kuma da yawa a cikinsu sun fi kwaɗayinsa. Inda kuɗi ya nuna nan mahaya ke bi, ba wani ɓoyayyen abu ba ne. An ga inda gudu da manyan kuɗi suka kai harkar, har FEI ta dakatar da hukumar dawaki ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a Maris 2015 kan walwalar dawaki da karya doka. A Tryon ta Amurka kuma 2018, gasar duniya sukutum aka soke ana tsakiyar yi, saboda zafi da gumi da yawan dawakin da suka cika wurin jinya.

Ƙananan abubuwa: layi ya yi tsawo a ƙofar farko lokacin da kowa ya dawo a dunƙule, ɗaya daga cikin layukan sassarfa ya ɗan karkace, fitila ba ta wadata ba bayan magariba, rubutun katin kuma sai ka nemi mai karanta maka.

Wanda ya fi damuna shi ne dare. Ciwon ciki sau da yawa sai an gama an tafa an watse yake tasowa, amma likita ɗaya tal aka bari da barga gaba ɗaya, bawan Allah yana ta zagaye da tocila har asuba. Zan sake zuwa in dai wannan tawagar ce, sai dai kafin a biya rajista zan sa abokina ya tambaya likita nawa ne za su kwana, kuma asibitin da ke iya yi wa doki tiyatar ciki awa nawa ne a mota daga sansanin.