Zagayen gidan Wellington a Landan: kuɗina bai tafi a banza ba

Wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido na biya aka zagaya da mu gidan Apsley da ke Hyde Park Corner, gidan Arthur Wellesley, Duke na Wellington na farko. Yawancin abokan tafiyata yaƙin Waterloo na 1815, inda Wellington ya ci Napoleon na Faransa da yaƙi, ne ya kawo su. Sun kuwa sha kallo: takubba, kayan azurfa, da gunkin Napoleon tsirara a gindin bene, tsayinsa ya haura mita 3. Mai zuwa da yara ya san da wannan.

Jagoranmu ya fi burge ni da ya shiga zancen iyali. Gidan da can na Richard ne, yayan Arthur, wanda ya yi gwamna-janar a Indiya, bashi ya sha masa kai, ƙanen ya saya a 1817. Sai maganar Kitty Pakenham. Arthur ya nemi aurenta yana saurayi, danginta suka hana don ba shi da abin hannu. Da ya dawo daga Indiya da suna da dukiya aka ɗaura a 1806. Sun haifi maza biyu, Arthur da Charles, amma zaman bai yi armashi ba, kusan kowa harkarsa yake yi. Ta rasu a Afrilun 1831, kwanaki kaɗan bayan haka masu zanga-zangar neman gyaran zaɓe suka farfasa tagogin gidan. Daga baya ya sa aka rufe su da ƙarfe. Jagoran ya ba da wannan ba tare da ƙarin gishiri ba, shi ya sa ya shige ni.

Inda ya gaza shi ne Ireland. Wellington a Dublin aka haife shi a 1769, mahaifinsa Earl na Mornington ne, ya wakilci garin Trim a majalisar Ireland, kuma yana firaminista a 1829 aka ba 'yan Katolika damar zama a majalisar Birtaniya, duk da shi Furotesta ne. Duk wannan a gurguje jagoran ya wuce, sai da na tambaya.

Tun 1947 jikokinsa suka miƙa gidan ga gwamnati, amma har yau suna zaune a wani sashe da baƙi ba sa shiga. Idan za ka je, ɗauki jagora, ka kuma tanadi tambayoyinka kan Ireland tun daga gida.