Sinimar zamani a Kano: inda ta burge ni da inda ta gaza

Duk mai waya da data a yau ba ya buƙatar sinima don ya kalli fim. Shirye-shiryen Hausa masu dogon zango suna nan birjik a YouTube, na Indiya da aka fassara kuwa masu tura fim a bakin titi za su cika maka waya da su da ɗan kuɗi kaɗan. To in mutum ya baro gidansa ya yanki tikiti, me yake saya? A ganina natsuwa yake saya: duhu, da sauti mai kyau, da awa biyu waɗanda babu mai katse masa su. Da wannan ma'aunin na auna sinimar da nake kai iyalina a nan Kano, kuma sakamakon ya fito rabi da rabi.

Abin da ya fi komai faranta min rai shi ne yadda magidanci zai shiga da matarsa da 'ya'yansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Wanda bai san tarihin garin nan ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Tun da aka buɗe Rex a 1937, sannan Palace a wajen Jakara a farkon shekarun 1950, har zuwa zamanin Plaza da Wapa a Fagge, da Orion a Ƙofar Wambai, da Marhaba a Farm Centre, da Eldorado a Sabon Gari, sinima wurin maza ce, kuma sunanta bai yi daɗi a bakin iyaye ba. Yawancinsu fili ne babu rufi, sai dare ya yi ake haska fim, galibi na Indiya ko na Cana. Iyayenmu da yawa a ɓoye suka riƙa zuwa. Mace kuwa in aka gan ta a ƙofar sinima, maganar ba ta ƙarewa a nan. Yau Wapa 'yan canji aka sani da ita, yaran yanzu ba su ma san daga ina sunan ya samo asali ba. Saboda haka da na ga ana binciken jaka a bakin ƙofa cikin ladabi, mace na duba mata, falon jira tas da haske, ga dattijuwa da jikokinta suna layin gugguru, sai na ji an gyara wani abu da ya daɗe a ɓace. Babu hayaƙin taba, babu zaman banza a lungu. A nan na ba su maki cikakke.

Hoto ma babu laifi. Na'urar haskawa ta zamani ce, ba irin ta da ba mai faifan da ke tsinkewa, kuma a fina-finan da na kalla fuskokin mutane sun fito da launinsu. Abu ɗaya na lura da shi a ƙaramin ɗakin kallonsu: hoton ya ɗan dushe, musamman wuraren da aka ɗauka da dare. Fitilar na'urar haskawa tana rage ƙarfi in ta tsufa, kuma tana da tsada, shi ya sa wasu masu sinima kan ja ta har sai ta kusa mutuwa. Mai kallo ba zai san dalili ba, sai dai ya fito yana cewa fim ɗin ya yi duhu, laifin ya faɗa kan darakta.

Sauti ne inda na fi son in tsaya, domin a nan ake gane bambancin sinima da falon gida. A ɗakin kallo na gaskiya akwai lasifika uku a bayan majigin (allon da ake haska fim a kai), hagu da tsakiya da dama, ga wasu jere a bango, ga kuma mai fitar da rugugi. Maganar 'yan wasa daga ta tsakiya take fitowa. In ta tsakiyar nan ta yi rauni, sai kiɗa da ƙarar mota su danne zance, kana ganin baki na motsi kana ta kasa kunne. A babban ɗakin wannan sinimar an daidaita su da kyau. Mun kalli wani fim ɗin waje, aka yi ruwan sama a ciki, ƙaramar 'yata ta ɗaga kai tana duban rufi. Amma da muka koma kallon fim ɗin Hausa sai labari ya sauya, kuma gaskiya ba duka laifin gidan ba ne. Da yawa daga cikin fina-finanmu ana haɗa sautinsu ne da tunanin waya da talabijin. In aka ɗora su a kan manyan lasifika, duk abin da waya ke ɓoyewa sai ya bayyana: kukan janareta a bayan fage, muryar wannan a sama ta wancan a ƙasa, waƙa ta shigo da ƙarfin da sai ka toshe kunne. Abin ya dame ni ƙwarai, saboda labarin ya yi ma'ana, 'yan wasan sun yi ƙoƙari, kuma ɗakin ya cika da mutanen da suka biya kuɗi don su ga nasu. Masana'antar fim ɗin Hausa da ta faro tun 1990 ta isa ta ba mai haɗa sauti muhimmancin da take ba mai kyamara. Su ma masu sinima ya kamata su gwada fim kafin a buɗe ƙofa, su rage ko su ƙara, maimakon su bar ma'auni ɗaya ga kowane fim.

Shawara ga mai zaɓen kujera: tsakiyar layi, kamar kashi biyu cikin uku daga majigi zuwa baya. Daga wajen nan ne masu gyara suke auna sauti. Layin gaba ciwon wuya ne kawai.

Yanzu ga abin da ya ɓata min rai, wato lokaci. An rubuta fim zai fara ƙarfe huɗu da rabi, muka yi la'asar muka zo da wuri. Sai da aka haura biyar ba a buɗe ɗaki ba, kuma babu wanda ya fito ya ce uffan. Da na tambayi yaron da ke yage tikiti, sai ya ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, muna jiran mutane su ɗan taru." Ya faɗa cikin mutunci, kuma na san ba shi ya yanke hukuncin ba. Amma ma'anar maganar ita ce wanda ya cika alkawari shi za a hukunta saboda wanda ya makara. Bayan an shiga ga tallace-tallace, sannan fim. A Kano magariba tana faɗuwa tsakanin wajen ƙarfe shida da bakwai saura duk shekara, kowa ya san wannan. Jinkirin nan ya tura sallar ta faɗo a daidai tsakiyar labari, sai mutane suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna ratsa gaban juna a cikin duhu, su dawo suna tambayar na kusa me ya faru. Wurin alwala da ɗan masallacin suna nan kuma da tsafta, na yaba. Amma me zai hana a tsara jadawalin da lokutan salla a zuciya? Fina-finan Indiya ma da hutun rabin lokaci ake gina su, ana iya daidaita shi da kiran salla, a kunna fitila minti goma sha biyar, kowa ya dawo hankali kwance. Wannan ba ya cin ko kwabo, tunani kawai yake buƙata.

An ɗauke wuta sau ɗaya muna tsaka da kallo. Janareta ya tashi da sauri, amma na'urar sai da ta ɗauki 'yan mintoci kafin ta dawo, kuma da ta dawo an tsallake wani yanki. Mutane suka yi ta kiran a mayar baya, aka mayar. Ban riƙe wannan a zuciya ba, kowa ya san halin wuta a ƙasar nan, kuma sun saurari jama'a.

Abin da na riƙe shi ne wayoyi. Hasken waya ɗaya a ɗaki mai duhu kamar tocila ce a ido, ga mai amsa kira yana cewa "ina sinima, ina sinima" da ƙarfi, ga mai ɗaga hannu yana ɗaukar majigi don ya ɗora a TikTok. Na ƙarshen nan ya fi ci min rai, domin satar fasaha ce ta durƙusar da kasuwar faifai, ta kori furodusoshi da yawa daga sana'ar, kuma ga ta ana yi a gaban ma'aikata babu mai tsawatawa. Ba ina nufin a yi tsit kamar ɗakin jarrabawa ba. Dariyar da ɗaki ke fashewa da ita lokaci guda, da salatin da ake ɗauka in mugu ya yi aika-aika, da tafin da ake yi in jarumi ya bayyana, su ne daɗin kallo cikin jama'a, kuma Bakano ya iya wannan. Hira da kiran waya daban suke. Wata baiwar Allah a bayanmu ta riga ta kalli fim ɗin, sai ta riƙa faɗa wa ƙawarta abin da zai biyo baya. Uwargida ta juya ta ce mata, "Hajiya, don Allah ki bar mu mu gani da idonmu." Ta yi shiru, har ta ba da haƙuri. Aikin ma'aikaci ne wannan, bai kamata a bar wa 'yan kallo su riƙa yi wa juna ba.

Sanyin ɗaki ya yi daidai da rana, amma da daddare in mutane ba su da yawa yana yin yawa, a riƙe wa yara riga mai kauri. Kujeru masu laushi ne, ko da yake wasu hannuwansu sun saki. Banɗakin maza da tsafta kafin fim, bayan an tashi kuwa sai a hankali, kuma uwargida ta ce na mata ma haka.

Gugguru da lemo suna da tsada, na mutum ɗaya ya kusa kamo kuɗin tikiti, kuma ba a shiga da abinci daga waje. Na fahimci dalili: kuɗin tikiti raba shi ake yi da masu fim, a wajen kayan ciye-ciye ne gidan yake samun abin biyan ma'aikata da man janareta. Duk da haka, mai 'ya'ya huɗu zai yi lissafi sau biyu kafin ya dawo. Da za su yi rangwame ga iyali a ranakun tsakiyar mako, da kujerun da ke zama fayau ranar Talata sun samu masu zama.

Akwai kuma batun shekaru. Hukumar tace fina-finai ta jiha tana nan tun 2001, ga ta tarayya da ke sa wa fim alamar shekarun da suka dace, amma a wajen sayar da tikiti ban ga an kafa alamar inda ido zai gani ba, kuma ban ji an tambayi kowa ba. Na ga yara ƙanana a fim ɗin da ke cike da harbi da jini. Ni kafin in biya sai na tambayi mai sayar da tikitin ko yara za su iya kallo, ta duba kwamfuta ta gaya min gaskiya, muka sauya fim. Wanda zai je da iyali ya yi wannan tambayar, ya kuma guji ranakun bikin Sallah in ba ya son cunkoso, ya zaɓi kallon da zai fara bayan isha ko wanda zai ƙare kafin magariba.