Kayan gwajin ruwan kifi: na ɗigo ko na takarda?

Malam, ka tambayi wane kayan gwajin ruwa za ka saya wa tankin kifinka. Na ɗigo za ka saya, wato wanda ake ɗiga magani a cikin ruwan da aka ɗebo a ga launin da zai koma. Wancan na 'yar takardar da ake tsomawa a ruwa ka bar wa mai shago kayansa, shuɗin maganin da ya ce ka haɗa da shi ma ka bar masa.

Tunda ka ce tankin bai kai wata guda ba, kifayen sun taru a sama suna haki, sun ƙi abinci, biyu sun mutu cikin dare alhali ruwan garau yake, to abin da na fi zargi shi ne amoniya. Ba ta da launi, shi ya sa garau ɗin ruwa ba ya nuna komai. Kifi ne da kansa yake fitar da ita ta wajen numfashinsa da kashinsa, ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa ya ƙara mata. A tankin da ya daɗe, akwai bakteriya masu amfani da suke zaune cikin soson filta, wato na'urar tace ruwa, su suke mayar da amoniya ta koma naitirait, wadda za ka ga an rubuta NO2, wasu kuma su mayar da ita naitiret, wato NO3, mai sauƙin illa. Kafin bakteriyar nan su kafu sai an yi mako huɗu zuwa shida. Naka bai kai ba, ga kifaye an zuba tun ranar farko.

A nan na takardar ya gaza. Irin wanda ya fi yawa a shaguna abu biyar yake aunawa: pH (ma'aunin tsamin ruwa), NO2, NO3 da taurin ruwa (yawan ma'adinan da ke cikinsa) iri biyu. Babu amoniya a ciki, ita sai an sayi nata daban. Ka tsoma ka ga komai lafiya lau, ka kwanta hankali kwance, gari ya waye ka kwashe gawa. Na taɓa sayen kwalba ɗaya ta takardun, damina na faɗuwa laima ta shiga, launukan suka dishe har ban iya bambance su. Yana da sauri dai, cikin minti guda ka gama, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Amma araha ba ta ado.

Na ɗigon da yake hannuna API Freshwater Master Test Kit ne. Yana auna pH, amoniya, NO2 da NO3. Akwai 'yan kwalaben gilashi masu layi a jiki, ka ɗebi ruwan tanki mililita 5 daidai layin. Na amoniya kwalba biyu ne, ɗigo 8 daga kowace, ka rufe ka girgiza, ka jira minti 5, sannan ka kara da katin launi a wuri mai haske. Rawaya na nufin babu, yana fara komawa kore akwai matsala. Na NO2 ɗigo 5 ne, shuɗi mai haske lafiya, ruwan goda kuma haɗari. Wanda mutane suke kuskurewa shi ne na NO3: kwalba ta biyu sai an girgiza ta da ƙarfi na daƙiƙa 30 kafin a ɗiga, don maganin yana kwantawa a gindi, in ba haka ba zai nuna maka ƙasa da abin da yake cikin ruwan. Abin da ake so a lambobin katin, amoniya 0, NO2 0, NO3 kuma kada ta wuce 40.

Ranar da abin nan ya shiga raina, cikin zafin Afrilu ne a Kano, an ɗauke wuta tun dare, filta ta tsaya. Da hantsi na tarar da babban kifina, wanda yarana suke kira Sarki, ya maƙale a kusurwa, fuka-fukansa a tsuke, bakinsa na buɗewa da sauri da sauri. Maƙwabcina da yake kiwon tarwada ya leƙo ya ce cuta ce, a nemo magani. Na ce bari mu tambayi ruwan tukuna. Muna tsaye ruwan kwalbar ya rikiɗe daga rawaya zuwa kore a gaban idonmu. Na sauya rabin ruwan, na riƙa ɗibar na ciki da kofi ina kwararawa daga sama don iska ta shiga. Kafin la'asar Sarki ya fito yana bin yatsan ƙaramar 'yata ta jikin gilashi. Ko ɗigon magani ban zuba ba. Dalili kuwa, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, kuma gubar amoniya tana ƙaruwa da zafi da hawan pH. Ga bakteriyar filta su ma ba sa aiki in ruwa ya daina ratsa su.

Aibin na ɗigon tsada, da ɗaukar lokaci. Sai dai kamfanin ya rubuta cewa yana yin gwaji sama da 800, ka ga in ka raba kuɗin ya fi takardar sauƙi nesa ba kusa ba.

Kada ka jira sai ya iso. Yau ɗin nan ka sauya kusan rabin ruwan da wanda ɗuminsa ya yi daidai da na tankin. In na famfo ne, ka sa maganin cire kulorin, don kulorin yana ƙona wajen numfashin kifi, yana kashe bakteriyar ma. In na rijiyar burtsatse ne ba shi da kulorin, amma ka bar shi ya sha iska a buɗaɗɗen bokiti kafin ka zuba. Ka tsayar da abinci na kwana ɗaya ko biyu, ba abin da zai same su. Soson filta kuma kada ka wanke shi a famfo, a ruwan da ka ciro daga tankin ake ɗauraye shi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu masu shago. Za su sayar maka da tanki da kifaye goma rana ɗaya ba su ce maka uffan ba, in sun fara mutuwa ka koma su miƙo maka shuɗin ruwa a kwalbar da ba ta da suna, su ce maganin kowace cuta ne. Galibi methylene blue ne aka ɗura, kuma yana kashe bakteriyar da kake jira su kafu, wato ka koma farko. Magani yana da ranarsa, misali in ka ga fararen ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa gishiri a jikin kifi, amma ba ka ambaci wannan ba. Kayan gwajin ma ka duba ranar ƙarewar wa'adi a jikin kowace kwalba, ba a kwali kaɗai ba, ka tabbata ba a taɓa buɗe su ba, kuma kada ka karɓi wanda ya daɗe a jere cikin rana.

In ya iso ka gwada ruwan tankin daban, na famfonka ko na rijiyar daban, ka turo lambobin duka biyun tare da girman tankin da yawan kifayen da suka rage.