Mai gyaran rediyo a Gombe da ya fara bincike kafin ya kwance na'ura

Kusan shekara biyu rediyon oba-oba na gajeren zango da nake hira da masu irin sha'awata a wasu ƙasashe yana ba ni wahala. Ina da lasisin hukuma, lambar kirana kuma da 5N take farawa kamar ta sauran masu irin wannan rediyo a Najeriya, amma a zangon mita 40 da na mita 20, inda muke hira, abin da nake ji bai wuce shuu ba, allurar ma'aunin sigina tana tsaye a S7, wato mataki na bakwai, ko da babu mai magana. Wani lokaci kuma sai wata ƙara ta taso, ƙaraf-ƙaraf, kamar ana suyar gyaɗa a yashi. Wannan ne ya kai ni shagon wani dattijo mai gyaran kayan lantarki kusa da Tsohuwar Kasuwar Gombe.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa sukundireba ba a ranar farko. Tambayata ya yi: "Alhaji, ka taɓa cire eriya ka saurara?" Da na ce a'a, sai ya ɗaura wata 'yar na'ura mai om 50, wadda ba ta kamo sigina daga waje, a gurbin eriyar. Nan take shuu ɗin ya faɗi, amma ƙaraf-ƙaraf ɗin yana nan. Ya ce cuta biyu ce, ɗaya daga waje take shigowa, ɗaya kuma a cikin rediyon take.

Ta wajen ce ta fi cin lokaci, kuma a nan na ga sanin aikinsa. Ya biyo ni gida a Pantami bayan la'asar, ya jona rediyon da batirin mota, muka riƙa kashe kayan gida ɗaya bayan ɗaya. Ashe inbata da na'urar cajin sola ne manyan masu laifi, sai wata cajar waya mai araha. Irin waɗannan kaya suna kunna wuta da kashe ta sau dubbai a daƙiƙa guda, hayaniyar da suke haifarwa kuma sai ta bi wayoyin gida ta hau bayan kebul ɗin eriya har cikin rediyo. Ya naɗa kebul ɗin a zoben ferait mai lamba 31, wani irin zobe da ke tare hayaniya, ɗaya a gindin eriya ɗaya a bayan na'ura, ya ƙara wani a wayar wuta mai bolt 13.8, sannan ya gajarta wayar da ke shiga ƙasa. Allura ta sauka zuwa wajen S3. Wanda ya san cewa kowane mataki na S kimanin desibel 6 ne a ma'aunin ƙarfin sigina zai gane girman wannan sauƙi.

Cutar ciki kuwa daga matatan sigina na seramik masu kilohaz 455 take, wato ƙananan kayan da ke tace sigina a cikin rediyon. Danshi da wutar da ke ratsa su kai tsaye suna cinye su sannu a hankali. Ya sauya su, ya kuma sa wasu ƙananan kayan lantarki da ake kira kafasito da za su tare wannan wuta don kada sababbin su bi sahun tsofaffin. Ya fasa tsoho ɗaya ya nuna mini wani farin gari da ya taru a jikin 'yan farantan da ke ciki. Na nemi ya ƙara mini na'urar ƙara ƙarfin sigina, ya ƙi, ya ce a mita 40 hayaniyar waje ce ke rinjaye, ƙarin ƙarfi shuu kawai zai ƙara mini. Kuɗi ne ya bari ya wuce shi, kuma na girmama shi a kan haka.

Akwai inda ban gamsu ba. Ya ce mako biyu, aikin ya kai mako biyar saboda sai daga Legas aka kawo matatan, kuma bai kira ya sanar da ni ba. Ba shi da na'urar awon ƙarfin jin rediyo, da kunne ya gwada, bai kuma rubuta mini abin da ya sauya ba, sai da na zauna na rubuta da kaina yana faɗa. Wanda zai kai masa irin wannan na'ura ya tafi da littafin zanenta.

Ya faɗa mini tun farko cewa ƙarar tsawar damina ba ta da magani a shagonsa. Don ƙurar hunturu, wadda ke tara lantarki a jikin wayar eriya, ya sa wani ɗan kayan lantarki da ake kira razisto da zai riƙa zubar da shi ƙasa, kuma sai iskar Disamba ta kaɗa zan san ko ya yi aiki.